Ɗan Haya

Da rana ina ƙirga buhu a Tudun Hatsi,
wake nawa ya shigo daga Kumo,
masara nawa ta tashi Kudu.
Da dare ina ƙirga kalmomi,
su kuwa ba dillalin da ya taɓa taya su.

Gidansu na farko bayan rasiɗi ne.
Ruwan Agusta ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa,
tawada ta narke ta koma ruwan bula,
Adda Jebbu ta hura gawayi da sauran.
Ban yi fushi ba. Shayin ya yi daɗi.

Sai muka tare a shagon Gidado, Jekadafari,
kwamfuta shida, fanka ɗaya, janareta mai tari.
Naira ɗari awa guda,
rabin awar kana jiran ƙofa ta buɗe.
Amma gida ne mai zaure da tsakar gida,
ka shimfiɗa labari kamar tabarma,
ka miƙe ƙafa, ba mai cewa taƙaita.
Masu karanta ni bakwai ne, na san su:
wata nas a Kaltungo, wani ɗalibi a Sudan,
malaman firamare huɗu,
da wani da bai taɓa faɗin sunansa ba,
sai dai ya nuna mini inda na yar da ƙugiyar harafi.

Wata safiya mai gidan,
wanda ban taɓa ganin fuskarsa ba,
ya rushe shi daga can wata ƙasa.
Ba wa'adi, ba sallama.
Rubutun shekara huɗu,
ko ƙyaure ban samu na ɓalle ba.

Na koma gidan yawa, cikin waya.
Nan haya kyauta ce, in ji su,
sai dai ɗakin kamar akurki,
magana ta yi taku biyu ta daki bango.
Kowa ya leƙo ta taga,
ya ɗaga babban yatsa, ya wuce.
Na rubuta rasuwar Manu ɗan dako,
shekara talatin buhu a wuya.
Yatsa ɗari uku,
ba wanda ya tambayi inda ake zaman makoki.
Ƙarƙashin sunansa, tallar man bilicin.

Akwai wani gidan, an ce, mai kuɗin ƙofa,
mai karatu ya biya kafin ya zauna.
Na dubi aljihun mutanena,
na dubi farashin mudu,
na ce a kai kasuwa.

Yanzu Suwaiba, 'yar ƙanena, ta ce,
Bappa, wa ke karatu?
Tsaya gaban buhunan ka yi magana,
daƙiƙa talatin, da murmushi,
kuma kar ka ce "amma".
Na tsaya. Harshe ya yi nauyi kamar dutsen sikeli.
Ta juya wayar kan akuya mai satar wake a bayana.
Akuya ta tara mutum dubu tara,
ni na tashi da ƙaiƙayi a wuyan riga.

Ban ce zamani ya lalace ba.
Ta wayar nan Suwaiba ta sayar da buhu arba'in
ga wata mata a Fatakwal
da ba ta san hanyar Gombe ba.
Ni ko tiya baitina bai taɓa sayarwa ba.

Jiya bayan la'asar wani dattijo mai tabarau
ya tsaya bakin rumfa yana taya gero.
Ya leƙa littafin awo, ya ɗora yatsa kan layi:
"Kuɗi, Malam Buba, ba kudi ba.
Har yanzu kana yar da ƙugiya?"
Mudu biyu ya auna, ya biya cif,
ya tsayar da keke mai zuwa Pantami.
Ina riƙe da biro, baki buɗe,
har ƙurar keken ta kwanta.

Daren nan na jawo rasiɗi, na juya bayansa.
In na gama zan ɗora shi kan kwaba,
inda ruwa bai kai ba bara.
Suwaiba na cajin wayarta a ɗaki,
ta ce gobe akwai sabon gida da za ta nuna mini.